Alkakin Garar Ma'u

Akwai maganar da na daɗe ina ji a bakinku, ku 'ya'yana, ina kawar da kai, yau kuwa sai na warware ta kafin ku gadar wa jikokina. Duk sanda aka zo hirar aikina na koyarwa, sai wani a cikinku ya ce ai da Hajiya ta zama shugabar makaranta tun tuni, babanmu ne ya hana ta tafiya kwas Zariya. Ban san wanda ya fara ƙago wannan ba, amma ina zargin Sadiya, don ita ce mai ƙara wa labari gishiri a gidan nan. Bawan Allahn nan yana kwance a makwancinsa, ba shi da bakin kare kansa, ni kuwa ina da shi. To ku sani bai hana ni ba. Shi ne ma ya sayo mini akwatin tafiya da hannunsa. Abin da ya hana ni alkaki ne, da wata ƙarya da na shirga wa mahaifiyata ina da shekara talatin da shida a duniya, da 'ya'ya huɗu a gabana.

Ku manyan kun san Inna, amma a zaune kuka san ta, a kan tabarma da carbi a hannu. Ni na san ta a tsaye a kan kasko. A gidanmu na Goron Dutse ba a yin wata guda ba a ɗora sukari a wuta ba. Mu yaran unguwa muna da kayan kwaɗayinmu, gullisuwa da tuwon madara da kantu, da hanjin ligidi da muke ja da haƙori har ya liƙe mana a dasashi mu yi ta sa yatsa. Waɗannan a kowane lungu ana yi, Inna kuwa ba ta kallonsu, ta ce wasan yara ne. Nata aikin kayan gara ne, nakiya da dubulan da alkaki, kuma a cikinsu alkaki ne ya fitar da sunanta har bayan ganuwa. A zamaninmu in dangin amarya suka sauke gara a gidan ango, tsofaffi ba sa fara duba buhun shinkafa ko man shanu. Fantekar alkaki suke fara buɗewa, su karya su kai baki, daga nan su yanke hukuncin irin gidan da yarinya ta fito. Ni dai abin da na fi so a duniya shi ne ɓarɓashin da ke taruwa a gindin tukunyar sukari, wanda Inna kan kankaro mana da ludayi in an gama suya, mu zauna a dokin ƙofa muna lasar tafin hannu. Na je Makka sau biyu, na ci kayan zaƙin Larabawa iri-iri, ban ci wanda ya kai shi ba.

Ci kawai na iya. Yaya Abu, 'yar farin Inna, ita ce ta zauna ta koyi aikin tun tana ƙarama. Ni an sa ni boko, sai na ɗauki kaina wata tsiya, ina ganin mai riƙe alli ta fi mai riƙe matsami. In Inna ta kira ni in kama mata, sai in ce ina da jarrabawa, kuma jarrabawar nan ba ta ƙare ba har na yi aure. Sai Allah ya karɓi Yaya Abu wajen haihuwa, ta bar 'yarta Asma'u, wadda kuka sani da Anti Ma'u, tana da shekara shida. Inna ce ta ɗauke ta ta riƙe. Saboda kunyar 'yar fari Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Abu ba, tana raye ko bayan ranta, sai dai ta ce mini yayarki. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ta yi ranar sadakar uku shi ne ta jawo Ma'u jikinta, ta ce wa matan da ke zaune, garar yarinyar nan da hannuna zan yi ta in Allah ya kai ni. Duk lungu ya ji, kuma a cikin birni in tsohuwa ta faɗi irin wannan ba a mantawa.

Allah ya kai ta, amma ya karɓi idonta kafin nan. A hankali ya tafi, likita ya ce hawan jinin ido ne, ba ya dawowa. Shekarar da Ma'u ta samu miji, wani malamin makaranta ɗan Gwale mai hankali da take so yake sonta, Inna ta yi shekara biyu ba ta ɗora kasko ba. Kakar angon kuma ba wata ba ce, Hajiya Yalwa ce, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, mace mai kirki da baki kamar reza. Ita ce za ta fara karya alkakin, kowa ya san haka. A wannan shekarar ce kuma sunana ya fito a cikin waɗanda za a tura kwas, wanda duk wadda ta gama shi makaranta ake ba ta ta shugabanta. Na yi shekaru ina jiran wannan takarda. An rubuta a jiki cewa ranar Litinin ake rufe karɓa, wadda ba ta bayyana ba a ba wata gurbinta. Garar Ma'u kuwa ranar Larabar da ke biye aka sa.

Ana saura kwana goma sha biyu na shiga gaishe da Inna, ko zama ban gama ba ta ce,

"Dije, a auno mini alkama. Mai kyau, ba wadda ƙwari suka riga mu ci ba."

Na ce, "Inna, wa zai tsaya miki a kan mai?"

Ta ce, "Ido na rasa, ba hannu ba."

Na tsorata, don watan da ya wuce gefen zaninta ya kama wuta a murhu, Allah ne ya kawo maƙwabciya. Sai na ji bakina ya ce ta bar shi, ni zan yi a gidana, ita dai ta gaya mini yadda ake yi. Fuskarta ta washe irin yadda ban gani ba tun rasuwar Yaya Abu, ta ce ashe da rabon za ta ji wannan magana a bakina. Ta gyara zama ta fara, daga wankin alkama har tsomawa a sukari, ni kuma na ciro littafin da nake shirya darasi ina rubutawa, ina cewa to, to. Allah ya gani, tun ina rubutun na san ba zan yi ba. Washegari na nufi Ƙofar Ruwa wajen wata Laraba, wadda ta yi aiki a ƙarƙashin Inna shekarun baya ta kuma buɗe nata, na ba ta aikin, na ce kada kowa ya ji. A lissafina kowa ya huta ke nan: Inna ta cika alkawari, Ma'u ta fita kunya, ni na kama motar Zariya ranar Lahadi. Da na gaya wa babanku bai yi dariya ba.

Ya ce, "Malama, wannan shawara ba ta kwanta mini ba. Tsohuwar nan ba ta gani, amma fa tana nan da ranta."

Na ce masa ba ruwansa da harkar mata. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da karatunsa.

Ranar Juma'a da hantsi aka shigo da fanteka huɗu gidan Inna. Alkaki ne ja-wur, yana ƙyalli, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Na durƙusa na ce Inna ga shi na gama, ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Ta yi bismillah ta miƙa hannu ta ɗauki guda. Ta bi shi da yatsa daga wannan kai zuwa wancan, ta kai hanci, sannan ta gutsura ta tauna a hankali. Ta ajiye ragowar a bakin murfi.

Ta ce, "Yaya Laraba take? Ƙafar tata ta yi sauƙi?"

Na ce, "Wace Laraba, Inna?"

Ta ce, "Bahaguwa ɗaya na koya wa naɗi a rayuwata, naɗinta hagu yake kwanciya. Na ji kuma ta koma sa yis, ba ta barin kwaɓi ya kwana."

Na rasa inda zan sa kaina. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Da kin ce mini ba za ki iya ba, da na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma kika zaunar da ni ina ta zuba kamar rediyo, kina rubutu. Kwana bakwai duk wanda ya shigo gidan nan sai na gaya masa Dije na can tana yi wa 'yar yayarta alkaki. Ɗauki a kai musu, alkaki ne, zai ciyu. Ki ce na Laraba ne, kada ki sa sunana. Kaskon nan da turmin kuma ki nemi mai so ki ba ta, ni na gama."

Ta lallaba bango ta shige ɗaki ta saki labule.

Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma ba kama ni da aka yi ne ya fi ci mini rai ba, wannan kalma ce ta na gama. Na san Inna. In ta ce ta gama, za ta zauna a ɗakin nan ne tana jiran ranarta, kuma ni ce na rufe mata ƙofar. Na koma gida ina tafe ina faɗa da kowa a zuciyata, da Laraba da hagunta, da masu kwas da ba su ga ranar da za su sa ba sai wannan, har da Yaya Abu da ta tafi ta bar ni da abin da ban iya ba. Na tarar da babanku ya dawo daga masallaci, sabon akwatin yana jingine a bakin gado. Bai ce ai na gaya miki ba, kuma wannan ma na riƙe masa shi a cikin alheransa. Na zauna na ƙirga masa kwanakin da yatsa. A wanke alkama yau a shanya, gobe Asabar a kai inji a ɓarza a kwaɓa, kwaɓi ya kwana biyu, a soya Litinin da Talata, Laraba a kai gara. Ko ta ina na juya, Litinin tana tsakiya. So nake ya yanke mini, in samu wanda zan ɗora wa laifi.

Ya ce, "Ba zan ce ki je ba, ba zan ce ki zauna ba. In kin tafi zan riƙe yara, kuma babu wanda zai zage ki a gabana. In kin zauna, akwati ba ya ruɓewa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ni ce shaida. Bayan la'asar na yafa mayafi na tafi kasuwa na auno alkama da kaina.

Da na shiga da buhun Inna ba ta amsa sallamata ba. Na jawo babban daro tsakar gida, na buɗe littafina na ɗora a kan turmi, na fara wanki. Ina cuɗawa da ƙarfi ina watsa ruwa, rabi don ban iya ba, rabi don ta ji. Na kusa fid da rai sai na ji murya daga bayan labule.

"Wace ce wannan ke wanke alkama kamar tana wankin bargo?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Haka na rubuta."

Ta ce, "To rubutun naki ƙarya yake yi, shi ma."

Sai ga ta ta fito tana lalube. Ta tsuguna a gefena, ta ture hannuna, ta sa nata a ruwan. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, muka kama aiki.

A kwana biyar ɗin nan na gane littafina ba shi da amfanin komai. Na rubuta a zuba mai daidai, to mene ne daidai? Sai Inna ta ɗora hannunta a kan nawa a cikin ɓarzajjiyar alkamar, mu murza tare, ta dunƙula ta ce ji, in ya riƙe kansa bai wargaje ba ya isa. Da kwaɓin ya kwana ɗaya na ce ai ya yi, ta ɗaga murfi ta sansana ta ce saura, tsaminsa bai nuna ba, mai gaggawa ya je ya soya ƙosai. Ranar Litinin muka sa ruwan kanwa muka kirɓa a turmi har kafaɗata ta sage. Na shimfiɗa mata tabarma nesa da wuta, daga can take tuƙa ni da kunne. Ta ce man nan yana ihu, zare itace, alkaki rarrashi yake so. Sukari kuwa sai in ɗebo a ludayi in hura ya huce in kai mata, ta taɓa da yatsa biyu ta ja, in ya yi zare ta ce sauke, ta kuma tambaye ni sau uku ko na sa tsamiya, don in babu ita alkaki fari zai yi ya bushe a wuni ɗaya. Naɗi ne ya gagare ni. Inna tana murza ɗaya ta naɗe kafin in ƙifta ido, amma hannunta ya tsufa, ta yi kaɗan ta gaji, sauran duk ni ce. Nawa wani ya fito da ƙaton kai, wani ya kwance a cikin mai, babu biyu da suka yi kama. Duk wanda na tsame sai ta ce a ba ta ta taɓa, ta taɓa ta yi tsaki ta ajiye.

Da rana ta take a wannan Litinin, ina tsaye a kan kasko, sai na tuna yanzu can ana kiran suna. Hawaye ya zubo mini, ina ja da hanci.

Inna ta ce, "Hayaƙi ne?"

Na ce, "Hayaƙi ne."

Ta ce, "An ce yau ake rufe karɓarku."

Ban san ta sani ba. Na ce eh. Sai ta ce in juya na gefen can, ya fara ƙonewa, tana jin ƙaurinsa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji zafi ba. Takardar nan ba ta sake zuwa ba. Wadda aka ba gurbina ta dawo ta zama shugabata, na yi shekaru ina gaishe ta da ranki ya daɗe, kuma akwai safiyar da nakan shiga ofishinta in fito zuciyata na tafasa. Amma Inna ba ta koma bayan labule ba. Shekara shida ta ƙara a duniya, kuma a cikinsu babu garar da aka yi a lungunmu ba mu biyu muka yi ta ba, ita kunne da hanci, ni ido da ƙafa. A kan tabarmar nan na ji labaran da ban taɓa ji ba, na kakarta da ta koya mata da zuma tun sukari bai yawaita ba, har da na Yaya Abu, da take farawa da yayarki ta yi kaza, ta yi dariya, ta share ido. Da na tafi Zariya da shugabar makaranta zan zama, ban kuwa san uwata ba. Alkakin da kuke ɗauka kuna kai wa abokanku kuna cewa gadon gidanmu ne, to ga yadda aka gaje shi. Na Laraba kuma maƙwabta aka rabar wa, yaran lungu suka yi sati suna sa mata albarka.

Ranar Laraba aka kai gara. Ban bi ba, na ce kaina ke ciwo, alhali tsoron bakin Hajiya Yalwa ne ya kwantar da ni. Ashe ban tsira ba. Washegari da hantsi sai ga ta da kanta ta zo ban gajiya, da mata biyar a bayanta. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa, ni ina daga bakin ƙofa riƙe da tiren ruwa. Ita kaɗai ce ke kiran Inna da sunanta.

Ta ce, "Kulu, na karya alkakinki jiya. Tsamin nan naki yana nan inda na san shi, sukari ya ratsa har ciki, ban ba kowa fantekar farko ba, na tura ƙarƙashin gado. Amma don Allah wa ya naɗa? Wani kamar kunama, wani kamar an taka shi da takalmi. A gidanki aka yi wannan?"

Matan suka kwashe da dariya. Na buɗe baki zan ce ni ce, Inna ta riga ni.

Ta ce, "Makauniya ce ta naɗa, Yalwa. Ke mai ido, da kin zo kin gyara."

Dariyar ta tsaya cak. Hajiya Yalwa ta kama hannunta tana cewa subhanallahi, Kulu, wasa nake, wallahi ko masu idon ba su kai ki ba. Ni kuwa na ajiye tiren na shige madafa, don ban taɓa jin Inna ta kira kanta da wannan suna ba. Duk wanda ya kuskura ya faɗa a gabanta sai sun yi wata ba sa magana. Ranar ta ɗauka ta yafa a gaban mata shida, don kada a yi dariyar 'yarta.

Da suka tafi na fito na zauna a gefen tabarmarta.

Na ce, "Inna, ai ni na naɗa."

Ta ce, "Ni za ki gaya wa? Wanne ne ban taɓa ba?"

Na ce, "Kin yi fushi da ni a kan ƙarya, ga shi kin yi taki."

Ta ce, "Ke kin yi taki ne don ki tafi ki bar ni. Ni na yi tawa ne don kin zauna."

Ta lalubo hannuna ta juya shi, ta bi tabon da mai ya yi mini da yatsa, ta saki.

Ta ce, "Asabar ta sama akwai garar gidan liman. Ki zo da wuri, naɗin nan naki sai an yi da gaske."

Ranar ko karyawa ban tsaya yi ba, na tarar har ta sa an fito da turmi.